Bayan korona fatata ta rikice, yanzu kuma gashina ke zuba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekaruna 34, 'ya'yana uku, ƙaramin bai daina shan nono ba. Wata uku da suka wuce na dawo daga Umara da mura mai zafi, ga zazzaɓi, ga ciwon maƙogwaro, ko turare na fesa ba na jin ƙamshinsa. Na aika kemis aka haɗo min maganin maleriya da Septrin, na sha kwana uku ba sauƙi, sai muka tafi asibiti. Ba a ga maleriya ba, amma da aka zura min tsinken auduga a hanci aka ce korona ce. Kwana biyar da fara ciwon jikina ya yi rudu-rudu kamar cizon cinnaka, ya fito nan ya ɓace ya koma can, ƙaiƙayi har ba na barci. Ya yi kamar kwana tara ya tafi. A mako na uku yatsun ƙafata biyu suka kumbura suka yi duhu, suna zugi kamar ƙuna. Yanzu sun saɓe, amma tabon yana nan baƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali gashina ne. Makon jiya mai kitso ta tsefe min kai, ta dunƙule abin da ya fito ta nuna min, ya kai girman lemon tsami. Hajiyar maigidana ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa min. Ƙawata ta ce rigakafin da na yi a 2021 ne ya tashi. Shi kuwa maigidan cewa ya yi korona ta daɗe da wucewa. Yanzu ina shafa wani mai da aka ba ni a kemis, mai haɗi uku. Don Allah korona tana taɓa fata? Zan iya shafa wa yarana? Gashin zai dawo?

Maman yara uku, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da dawowa, Allah ya karɓi ibada, ya ƙara sauƙi.

Abin da ya fi yi min daɗi a wasiƙarki shi ne kin riƙe kwanaki: kwana biyar, mako uku, wata uku. Ko kin sani ko ba ki sani ba, kin yi rabin aikin likita, domin a ciwon fata sau da yawa lokacin da abu ya fito ya fi kamanninsa bayani. Abubuwa ukun da kika lissafa kowanne ya zo a daidai lokacin da aka san yana zuwa bayan korona. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce e, tana taɓa fata, tana taɓa gashi, har farce ma.

Mu fara da maigida, tunda maganarsa ce ta fi sauƙin amsawa. A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta sa a kan korona. Matakin aka janye, ƙwayar cutar tana nan tana yawo kamar sauran dangin mura, kuma duk inda mutane daga ƙasashe daban-daban suka cunkushe kafaɗa da kafaɗa, kamar wurin ɗawafi ko cikin jirgi, tana samun hanya. Ke kuma ba zato aka yi ba, gwaji aka yi miki. Ki nuna masa takardar, magana ta ƙare.

Tun farkon annobar likitoci suka lura da fata. A watan Maris na 2020 wani likitan fata a garin Lekko na Italiya ya duba majinyatan korona 88, ya samu 18 da ƙuraje iri-iri. Bayan wata guda likitocin Sifaniya suka tattara mutum 375 suka raba abin gida biyar. Kashi 47 cikin 100 ƙananan ƙuraje ne masu kama da ƙyanda, kashi 19 borin jini, wani kashi 19 kumburin yatsu, kashi 9 masu ruwa irin na ƙarambau, sai kashi 6 da fatarsu ta yi zane-zane kamar raga saboda toshewar ƙananan hanyoyin jini. Wannan na ƙarshen a jikin tsofaffi masu tsananin ciwo aka fi ganinsa, kuma shi ne mai haɗari. Ke kin haɗu da biyu daga cikin biyar ɗin, duka kuma masu sauƙin ne.

Wancan rudu-rudun da ke fitowa nan ya ɓace ya koma can, shi ne borin jini. Garkuwar jiki ce ke sakin wani sinadari, histamin, sai ƙananan jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata su buɗe, ruwa ya tsattsafo, wurin ya tasa. Alamarsa ita ce ko wane tudu ba ya wuce kwana ɗaya a wuri guda, kuma in ya tafi ba ya barin tabo. Ƙwayoyin cutar mura da dama suna tayar da shi, korona na cikinsu.

Sai dai a nan akwai abin da ba zan wuce ba. Kafin borin jinin ya fito kin kwana uku kina shan Septrin. Ke nan waɗanda ake zargi biyu ne, ba ɗaya ba. Septrin na daga cikin magungunan da suka yi ƙaurin suna wajen tayar da fata, haka ɗan uwansa Fansidar na maleriya, domin gidansu ɗaya, gidan salfa. Yawanci abin yana tsayawa a ƙuraje da ƙaiƙayi, amma akwai wanda in ya sake sha, bakinsa ya ɗaɗe, idanunsa su yi ja, fata ta riƙa saluɓewa kamar wanda ruwan zafi ya zuba wa, sai an kwantar da shi. Don haka kada ki ce ai korona ce ki manta. Ki nemo fankon magungunan in suna nan, ko ki koma kemis ɗin a rubuta miki sunayensu. Duk likitan da zai rubuta miki magani daga yau, ki gaya masa kin taɓa yin borin jini kina cikin shan Septrin, ki roƙa a rubuta a katinki. Kada kuma ki gwada sake sha a gida don ki gani. Abin takaicin ma shi ne ba abin da Septrin zai yi wa korona, domin aikinsa kashe bakteriya ne, ita kuwa bairos ce. An sha wahala ne a banza. Wannan ɗabi'a tamu ta a haɗo min na zazzaɓi ta daɗe tana cutar da mu. Ki tuna 2020, da aka yi rububin kulorokwin a kan cewa maganin korona ne, har aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ya wuce ƙima, alhali kowa ya san yadda kulorokwin ke sa baƙar fata susa kamar mai ƙazuwa.

In borin jinin ya sake dawowa, setirizin ko loratadin ƙwaya ɗaya a rana sun wadatar, kuma mai shayarwa tana iya sha. Piriton yana aiki, amma yana sa barci, yana iya sa yaron da ke shan nono ya yi ta gyangyaɗi, don haka ki fi karkata ga na farkon. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kuma ki daina zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti, yana ƙara busar da fata ne kawai.

Yatsun ƙafa kuwa, har suna aka sa musu a Turai a 2020, yatsun korona. An fi ganinsu a jikin yara da matasa da waɗanda ciwon bai kayar ba, kuma suna zuwa ne a makare, bayan zazzaɓi ya sauka, kamar dai naki. Wani bincike da aka yi a Faris a 2021 kan mutum 50 ya nuna garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, garin yaƙar ƙwayar cutar ta taɓa ƙananan hanyoyin jinin yatsu. Yawancinsu suna warkewa da kansu cikin makonni kaɗan.

In kin shiga intanet kina neman hoto, za ki ga yatsu jajaye kamar tumatir ki ce naki ba su ba ne. Akwai dalili. A 2020 wasu likitocin fata a Amurka sun ƙirga hotuna 130 da aka buga a mujallun likitoci kan korona da fata, suka samu fiye da kashi 90 cikin 100 na fararen fata ne, babu ko ɗaya na baƙar fata irin tamu. A jikinmu ja ba ya nuna kansa. Abin da ke ja a jikin Bature, a namu duhu yake yi, ko ya yi kalar makuba, ko toka-toka, ko kuwa ya riƙa sheƙi kawai. Shi ya sa a fatarmu hannu ya fi ido gani: a shafa a ji ko wurin ya tasa, ko ya fi kewayensa zafi, a kwatanta da ɗaya ƙafar, a kuma duba a hasken rana, ba a hasken ƙwan ɗaki ba. Na sha ganin an ce wa mace ba komai a jikinta don kawai mai dubawar yana neman ja bai gani ba.

Duk da haka ina so likita ya riƙe ƙafar nan ya duba, ko da ta saɓe. Irin wannan kumburi asalinsa ciwon ƙasashen sanyi ne, ba kasafai ake ganinsa a wurinmu ba, kuma akwai wasu abubuwan da ke sa yatsa ya yi duhu: ciwon suga, sikila, gudajin jini, da wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita. A auna sugarki, a taɓa bugun jini a bayan ƙafar. Aikin minti goma ne. In lafiya lau, shi ke nan, tabo ne ya rage. Baƙar fata in ta yi kumburi ta warke takan bar baƙin tabo, kamar yadda ƙurajen fuska ke yi, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya washe. Man kaɗanya ko basilin sun isa.

Man nan mai haɗi uku, ki ajiye shi yau. Abin da ke ciki maganin cututtukan fata ne irin su makero, da maganin bakteriya, da sitiroyid mai ƙarfi. Ba ki da makero, ba ki da gyambo, na ukun kuma shi ne matsalar. Shi ke kwantar da ƙaiƙayi nan take har mutum ya ce ya samu magani, amma in aka daɗe ana shafawa fata tana yin siriri, ta yi fari-fari, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ranar da aka daina kuma ƙuraje su dawo da fushi. Sinadarin da ke cikin mayukan bilicin da yawa ke nan. Garin neman gira kada a rasa ido. In akwai buƙatar sitiroyid, likita zai ba ki wanda ya dace, ya ƙayyade kwanaki.

To, gashi. Na san a nan zuciyarki take, kuma ba zan ce miki ba komai ba ne, domin macen da aka nuna wa dunƙulen gashinta a tafin hannu ta san abin da ta ji. Amma ki saurari yadda abin yake. Gashin kai ba tare yake girma ba. A ko wane lokaci kusan tara cikin goma suna tsiro, ɗaya yana hutawa. Wanda ya shiga hutu yakan zauna a raminsa kamar wata uku, sannan sabon da ke tasowa a ƙarƙashi ya ture shi ya faɗi. Shi ya sa mai lafiya ma yana zubar da sili 50 zuwa 100 kullum bai sani ba. In jiki ya gamu da babbar girgiza, zazzaɓi mai zafi, tiyata, haihuwa, ko tashin hankali, sai ya tura gashi mai yawa hutu a lokaci guda, don ya tattara ƙarfinsa wurin da ya fi muhimmanci. A ranar ba a ganin komai. Sai bayan wata biyu zuwa uku, mutum ya warke har ya manta ya yi ciwo, sannan su zubo gaba ɗaya. Ki ƙirga daga ranar da kika dawo Umara zuwa ranar kitson nan, za ki ga lissafin ya fita daidai. Gashin da ke zuba yau tun wancan zazzaɓin ya daina tsiro.

Kuma ki tuna kitson ya kwana biyu a kanki. Gashin da ya saki ba ya faɗuwa ƙasa, yana maƙale a cikin kitso har ranar tsifa. Dunƙulen da kika gani tarin makonni ne, ba na yini ɗaya ba.

Ki ɗauki sili ɗaya daga abin da ya zuba ki duba gindinsa a haske. In kin ga ɗan farin kai kamar ƙwayar gero ƙarama, to gashin hutu ne, saiwarsa tana nan da rai. Irin wannan zubar ko'ina take taɓawa daidai, kai ya yi shara-shara amma ba ya yin sanƙo. Takan yi wata uku zuwa shida ta tsaya da kanta, sai ki fara ganin ƙananan gashi tsaye a gaban goshi. Cikar kan kamar da kuwa sai an yi haƙuri, domin gashi santimita ɗaya kacal yake yi a wata, yana iya kai ki shekara. In kuma kin ga wuri ya share fes kamar kwabo, ko yana ɓarewa da amosani da ƙuraje, ko zubar ta wuce wata shida ba ta lafa ba, wannan wani abu ne daban, likitan fata za a gani. Ki duba farcenki ma, wataƙila ki ga wani layi ya gitta shi kamar an dannа da zare. Shi ma sawun zazzaɓin ne, zai tafi da girman farcen.

Abin da ke hannunki shi ne kada ki ƙara wa kan nauyi. Kitso manya-manya sakwa-sakwa, ki gaya wa mai kitso ta bar gefen goshi ya huta. Ban da ƙarin gashi, ban da man miƙar da gashi, ban da busarwa da zafi, na tsawon wata shida. Mataji mai faɗin haƙora, a taje daga ƙarshe zuwa gindi bayan an shafa mai. Kada ki daina wanke kai don tsoron zuba, wanda ya saki ya riga ya saki. Masu tallar man tsiro da gashi a Facebook da TikTok za su same ki, kuma duk wanda kika saya zai yi kamar ya yi aiki, tunda dama gashin dawowa zai yi. Ki riƙe kuɗinki ki sayi hanta.

Ba wasa nake ba da batun hanta. Mace mai haihuwa uku, tana shayarwa, ta tashi daga ciwo, da wuya a ce jininta ya cika, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana jan zubar gashi ya daɗe. In kin je duba ƙafa, ki nemi a auna yawan jininki, in da hali a duba ajiyar ƙarfen da kuma aikin tayirod, wato abin nan na wuya da in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Wake, ƙwai, kifi, nama, zogale, alayyahu, a matsa lemon tsami ko a sha lemon zaƙi a kai. Shayi kuwa a ba shi tazarar awa ɗaya da abinci, yana hana jiki tsotsar ƙarfen.

Yaranki ba abin da za ki shafa musu. Borin jini, tabon yatsa da zubar gashi duk martanin jikinki ne, ba a ɗaukarsu ta taɓawa, ko ta mataji, ko ta nono. Ita korona ta numfashi take yaɗuwa, kuma mai ciwo mara tsanani yawanci ya daina yaɗa ta bayan kwana goma da farawa. Ki rungumi abinki. Amma tunda iyaye da yawa za su karanta wannan, bari in ƙara: tun Afrilun 2020 likitocin yara a Landan suka gano wani kumburin jiki da ke kama yara mako biyu zuwa shida bayan korona, ko da ba a ga sun yi ciwo ba. Zazzaɓin da ya ƙi sauka, ƙuraje, jan ido ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, hannu da ƙafa su kumbura, ciwon ciki da amai. Ba shi da yawa, amma yana taɓa zuciya, asibiti ake kai yaro a ranar. Haka duk mai zazzaɓi da ya fito da ɗigo-ɗigo masu duhu, a danna gefen kofin gilashi a kai. In ana ganinsu ta cikin gilashin ba su dushe ba, musamman in wuya ya sanƙare, a ɗauka sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Ke kanki, in leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, yatsa ya yi sanyi ƙalau ya yi baƙi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura da ciwon ƙirji, ba a jiran gari ya waye.

Maganar ƙawarki gajeriya ce. An fara rigakafin korona a Najeriya a Maris na 2021, kuma gaskiya ne yana iya sa damtse ya kumbura ko a yi borin jini, amma cikin kwanaki zuwa mako biyu da yin allurar. Ba ya kwanciya shekaru ya jira ki dawo daga Umara.

Hajiya kuwa, kada ki yi musu da ita. Ta ga surukarta tana ramewa gashi na zuba, ta kira abin da sunan da ta sani, kuma damuwa ce ta sa. Ki ci gaba da azkar ɗinki, in ta kawo addu'a ki karɓa ki gode. Inda za ki tsaya da ladabi shi ne in aka zo batun tsaga a yatsa, ko shafa abin da ba ki san haɗinsa ba, ko jiƙon da za ki sha kina shayarwa. Kada kuma ki bari a fara lissafa sunayen waɗanda ake zargi, domin gashi zai dawo cikin shekara, zumuncin da zato ya ɓata kuwa yana iya fin haka daɗewa. In kuna zaune tana cikin nishaɗi, ki tambaye ta yadda kanta ya yi bayan ta haifi maigidanki, ko yadda kan wanda ya tashi daga taifot yake yi. Ta san amsar sarai, ta ga hakan tun ba a haife ki ba. Sai ki ce mata likita ya ce irinsa ne. Ranar da za ki koma asibiti ma ki roƙe ta ta raka ki, ta ji da kunnenta.

A gaida Hajiya da kyau, a shafa min kan yara.